Ranar da Najiba Ta Ci Lissafi

In ka bi hanyar da ta tashi daga Gwarzo ta nufi Kabo da sassafe, kafin bakwai da rabi, ba mamaki ka wuce wani dattijo siriri a kan tsohon babur, ya ɗaure jakar littattafai a baya da roba, yana tafiya a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Malam Gali ke nan. Shekara talatin da huɗu yana koyarwa a firamare, ashirin da shida daga ciki a aji huɗu na makarantar wani ƙauye da ke gefen hanyar. Hedimasta shida sun zo sun tafi sun bar shi a nan. An taɓa yi masa tayin kujerar, ya ce shi alli ya iya riƙewa, a bar wa masu son hatimi kayansu.

Iyayen yara ba su da abin da suke tuhumarsa da shi sai abu ɗaya: ba ya duka. Wani uba ya taɓa tare shi a bakin masallaci ya ce, "Malam, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu mun ba ka fata, ƙashi kawai za ka bar mana." Malam Gali ya yi murmushi ya ce ya ji, ya kuma ci gaba da abin da ya saba. Daga nan aka yanke masa hukuncin sanyin hali. Masu faɗin haka ba su san shi da ƙuruciya ba, lokacin da yara ke jin ƙarar kekensa su nutsu tun bai shigo ba. Gaskiyar maganar ita ce akwai haƙƙin wasu yara biyu a wuyansa, wa da ƙanwa, shekara ashirin da biyu ke nan bai nemi su yafe masa ba, kuma babu abin da yake tsoro kamar ya mutu da shi.

Makon ajinsa ba ya canzawa, har yaran sun haddace shi fiye da karatun. Litinin sabon darasi, ya cika allo da rubutu su kwafa, bayan an gama rigimar fensir, don kusan kullum sai ya karya ɗaya gida uku ya raba. Talata a maimaita da baki, aji duka murya ɗaya, har awakin da ke kwance a inuwar ginin sun saba. Laraba karatu, yara biyar a kan littafi ɗaya, na gefe yana karantawa a karkace. Juma'a rana ce gajera: shara, gyaran rubutu, ya mayar wa kowa littafinsa, a tashi da wuri saboda masallaci. Da damina ajin kan ragu da rabi, kowa yana gona, sai bayan girbi su dawo baƙi ƙirin sun manta rabin abin da aka yi. Wannan bai taɓa ɓata masa rai ba, shi ma ɗan manomi ne.

Alhamis ce ranar gwajin mako, kuma ita ce ranar da ba ya so. Yanzu a rubuce yake yin sa. Bayan an dawo daga tara ya rubuta tambaya goma a allo, kowa ya duƙa a kan littafinsa, ya tattara ya tafi da su gida, ba ya kiran sakamakon kowa a bainar jama'a. Amma daidai lokacin da ajin ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar fensir, sai ya ji wata ƙaramar murya daga jikin bangon yamma tana cewa, "Malam, yayana ne." Ya san babu kowa a wurin. Ginin ma an sake shi, an canza rufi, an toshe tagar da ke can. Duk da haka bai taɓa iya tsayawa ta wannan ɓangaren ranar Alhamis ba, sai dai ya aiki yaro ya karɓo masa littattafan.

A da ba haka yake gwajin ba. Lissafin ka ake yi. Yara su jeru a jikin bango, ya jefa tambaya ga na farko. In ya faɗi ya miƙa tafin hannu ya tsaya, a wuce ga na gaba. Wanda ya fara ci shi zai karɓi tsumagiya ya bi duk waɗanda suka faɗi kafinsa, kowa ɗaya. In ya yi sanyin hannu don abota ko tausayi, malam ya karɓa ya yi masa biyu a madadin kowace ɗaya. Ba shi ya ƙirƙiro ba. Haka aka yi masa, haka ya ga ana yi, kuma a ganinsa na lokacin tsari ne mai kyau: mai ƙoƙari ya sami girma, malalaci ya ji kunya, hannun malam kuma ya huta.

A shekarar da abin ya faru yana da wa da ƙanwa a aji ɗaya. Uwaisu ɗan shekara goma sha uku ne, ya makara da shiga saboda shi ke kula da shanun huɗar ubansu, sai da uwarsu ta yi ta naci kafin aka sa shi rana ɗaya da ƙanwarsa Najiba, ’yar shekara tara. Ya fi kowa tsawo, yara suna kiransa Baban Aji, ba ya kula su. Ba daƙiƙi ba ne, kansa dai a hankali yake ɗauka, amma duk bencin da ya karye shi ke gyarawa. Kullum shi ke ɗauko Najiba a gaban keke daga unguwarsu, tafiyar da ta kusa awa ɗaya a ƙafa, in an tashi tara kuma ya raba ƙosansa ya ba ta babban rabi. Ita kuwa Najiba Allah ya yi ta da kai. Kafin Malam Gali ya gama rubuta tambaya ta riga ta ɗaga hannu, tana karkaɗa shi kamar zai cire.

Ranar Alhamis ɗin an yi ruwa da asuba, yara ashirin da ’yan kai suka zo. Ya jera su. Da gangan yakan sa Najiba can ƙarshen layi, don in ya fara da ita wasan ya ƙare tun ba a fara ba. Ya ce, "Bakwai sau takwas, a cire goma sha tara." Aka yi ta faɗuwa, hannuwa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Uwaisu ya ce talatin da biyar, shi ma ya miƙa nasa. Da aka zo kan Najiba ba ta ko numfasa ba ta ce talatin da bakwai.

A sauran makonni Allah yakan sa wani ya ci kafin a kai ga Uwaisu, ko kuma ranar yana gona. Wannan karon babu wanda ya shiga tsakani. Ta karɓi tsumagiya tana murna, ta bi layi tana tsula wa kowa, har ta iso gaban yayanta. Nan ta tsaya. Ta juyo ta dubi malam ta ce, "Malam, yayana ne."

"A aji babu yaya," in ji shi. Ya ji daɗin maganar ma da ya faɗe ta, har ya dubi ajin ya ga ko sun ji.

Ta ɗora tsumagiyar a tafin Uwaisu a hankali, ta ɗauke. Malam Gali ya ce ba ta yi ba, kuma ta san doka. Uwaisu ya ce mata ƙasa-ƙasa, "Yi mana, ki huta." Ta rufe ido ta yi, da ƙarfin da tsoro ya ba ta, har bakin tsumagiyar ya karye. Ajin ya fashe da dariya, wani ya ce yau ƙanwa ta hori Baban Aji. Uwaisu bai yi kuka ba, bai ko murza hannun ba. Ya dubi ƙasa har aka tashi.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da aka yi a wurin nan, kuma Malam Gali a gidan Bahaushe ya tashi. Shi da kansa bai taɓa kiran sunan yayansa gatsau ba. Amma yana da shekara talatin da ’yan kai, da takardar kwalejin malamai a akwati, yana ganin abin da ke cikin aji daban ne da abin da ke cikin gida. Kafin magariba labari ya zaga unguwarsu, har matan da ke daka sun ji.

Washegari Uwaisu bai zo ba. Najiba ta iso bayan an shiga aji, ƙafafunta duk laka, a ƙasa ta tako. Malam Gali ya je gidansu sau ɗaya, uban ya ce ya yi faɗa ya yi lallashi yaro ya ce shi da makaranta har abada, dama kuma aikin gona yana jiransa. Malam ya ce Allah ya kyauta, ya hau kekensa. A ransa yana cewa yaron da bulala ɗaya ta kora dama ba mai zama ba ne.

Abin da ya karya Malam Gali daga baya ya zo, kuma a hankali ya zo. Najiba ta daina ɗaga hannu. In layi ya zo kanta ranar Alhamis sai ta faɗi amsar da ba ita ba, ta miƙa tafinta, wani ya tsula mata. Ya ɗauka firgita ce, za ta wuce. Sai ranar da ya zauna yana duba littattafan aikin aji ya buɗe nata: kowane lissafi ta bi shi daidai, mataki bayan mataki, da rubutunta mai tsabta, sai a layin ƙarshe ta ƙara ɗaya ko ta rage ɗaya. Tambaya goma, duka haka. Ya koma baya ya duba na makon jiya da na shekaranjiya, duk haka. Ya kira ta ya nuna mata ya ce, "Najiba, kin san amsar nan." Ta ce, "Ban sani ba, Malam." Ba ta ɗago kai ba.

A zangon nan ya jefar da tsumagiya, ya koma gwajin rubutu. Ya yi zaton in ta ga babu duka za ta dawo. Ba ta dawo ba. Ta gama aji huɗu a tsakiya, ta gama na biyar da na shida a wajen wasu malaman da suka ɗauke ta yarinya mai matsakaicin kai, ta zauna jarrabawar shiga sakandare ba ta ci ba. Shi kaɗai a makarantar ya san abin da aka rasa, kuma bai gaya wa kowa ba.

Me ya hana shi neman gafara tun lokacin? Girman kai, ba wani abu ba, ko da yake shi yakan sa masa wasu sunaye. Da farko ya ce ina aka taɓa ganin malami ya durƙusa wa ’yar shekara tara. Da ta girma ya ce budurwa ce, mutane za su yi magana. Da ta yi aure a wani ƙauye ta wajen Kara ya ce matar wani ce, da wace fuska zai yi sallama. Kowace shekara da uzurinta, har furfura ta cika masa gemu. Sai bana, wata biyu kafin ya yi ritaya, yana tsakiyar rubutu a allo jiri ya kwashe shi, ya farka a asibiti ana ce masa jininsa ya hau. Yana kwance yana kallon silin bai tuna ’ya’yansa ba, bai tuna gonarsa ba, yaran nan biyu ya tuna.

Asabar ɗin da ya sami ƙarfi ya tafi Kabo. Uwaisu yana da rumfar gyaran injin ban ruwa a bakin hanya, ya zama ƙato, da yara uku suna koyon aiki a ƙarƙashinsa. Yana ganin malam ya ajiye sifana ya durƙusa, ya ƙi ba shi hannu saboda baƙin mai. Aka gaisa, aka tambayi iyali da jiki da damina, aka sake gaisawa. Da Malam Gali ya faɗi abin da ya kawo shi, Uwaisu ya yi dariya har da dafa gwiwa.

"Haba Malam, wannan tsohon zance? Wallahi na yafe, duniya da lahira. Ni ai taimaka mini ka yi, ba don haka ba da yanzu ina can ina jiran albashi." Sai dariyar ta sauka. "Ni bulala ɗaya na sha, kafin la'asar ta daina zafi. Kunya ce ta hana ni komawa, ita ma ta wuce. Amma Najiba har yau in na je gidanta ba ta iya haɗa ido da ni. Na ce mata ya wuce ya fi sau ɗari. In gafara kake nema, Malam, can za ka."

Asabar ta gaba ya tafi. Uwaisu ya riga ya yi wa mijin waya, don haka ya tarar an share zaure an shimfiɗa tabarma. Mijin ya gaishe shi da girmamawa, ya kawo ruwa, ya leƙa ciki ya yi kira, sannan ya koma ƙofar gida ya ba su wuri. Najiba ta fito da hijabi har ƙasa, ta durƙusa daga bakin ƙofar ciki. Da a kasuwa ya gan ta ba zai gane ta ba. Muryar ce kawai ba ta canza sosai ba.

"Sannu da zuwa, Malam. An zo lafiya? Ya jikin? Yaya ya ce ba ka ji daɗi ba."

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya yara, ya maigidan?"

Ya shirya magana mai tsawo a hanya, duk ta gudu. Abin da ya iya cewa shi ne, "Najiba, na zalunce ki, na zalunci yayanki. Na san abin da kika riƙa yi a littafinki, na kuma san dalili. Ki yafe mini don Allah."

Ta murza bakin hijabinta. Sannan ta ce, "Na yafe maka, Malam. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ai hannuna ne ya yi, ba naka ba."

"Ni na sa ki."

"To, na yafe."

Ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, har ya share ido da hannun riga bai ji kunya ba. Suna nan sai ga yara biyu sun shigo da gudu daga waje, namiji da mace, suka yi turus da ganin baƙo, suka durƙusa suka gaida shi. Ta ce babban Zainulabidin ne, shekararsa tara, ƙaramar Khairiyya, bakwai. Malami ba ya barin halinsa. Ya tambayi yaron ajinsa, ya ce biyu, maimaita ajin yake yi. Ya ce masa, "To, shida da bakwai nawa?" Yaron ya hau lanƙwasa yatsu. Yarinyar ta ce, "Sha uku," tana dariya, ta ɓuya a bayan uwarta.

"Khairiyya," in ji Najiba, ba da ƙarfi ba. Yarinyar ta haɗiye dariyar. Uwar ta ce su shiga ciki.

"Ita ajinta nawa?" ya tambaya.

"Ba a sa ta ba tukuna. Tana zuwa ta allo, can kowa da allonsa."

"Shekara bakwai? Yarinya mai kai irin wannan?"

"Shi ya sa, Malam. Makarantarmu malamai ba su da yawa, aji ɗaya da aji biyu ɗaki ɗaya ake haɗa su. In na kai ta yanzu tare za su zauna. Na ce wa babansu a bari sai ya yi gaba, ko ya gama."

"In ya gama ai ta kai sha biyu."

"Allah ya kai mu."

Ya gyara zama. Ya ce mata zamani ya canza, shi kansa shekara ashirin da biyu rabonsa da riƙe bulala, gwajin rubutu yake yi, babu yaron da ke taɓa wani a ajinsa. Ta saurare shi har ya gama, kamar yadda ake sauraron babba.

"Na ji labari ka daina, Malam. Allah ya saka da alheri. Amma nan ba a daina ba. Duk Alhamis in iska ta juyo har tsakar gida muna jiyo su."

"Wane ne malamin?"

"Malam Musbahu. Ai ka san shi, ajinmu ɗaya, a bayana yake zama. Mutumin kirki ne wallahi, ba ya fashi. Kullum yana yabonka. Ya ce duk abin da ya iya a wajenka ya koya."

Malam Gali ya ce zai je ya sami Musbahu ya yi masa magana. Ta ce Allah ya ba da iko, ta tambaya ko a dama masa fura kafin ya tafi. Ya ce a'a, rana ta yi.

Mijin ya raka shi har gindin dalbejiyar da ya ajiye babur, ya yi godiya ya koma. Malam Gali ya hau, ya sa makulli, bai tayar ba. Ɗalibansa goma sha ɗaya ne suka zama malaman firamare, adadin da yakan faɗa da alfahari duk inda hira ta kai can. Bai taɓa raba su gida biyu ba sai yau. Bakwai daga cikinsu sun zauna a ajinsa kafin ya jefar da tsumagiya. Ya fara kiran sunayensu a ransa ɗaya bayan ɗaya, kowa da garin da yake koyarwa: Musbahu a nan, Zubair ta wajen Sabon Birni, Badi'a a cikin Gwarzo, Abubakar Sadiq an mayar da shi Kabo bara. Da ya zo kan na biyar ya tuna fuskarsa sarai, har da gurbin haƙorinsa, amma ya rasa a wace makaranta yake yanzu.